Bakteriyoyin Laktik

Bakteriyoyin laktik rukuni ne na ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya, waɗanda ke cin sukari su mayar da shi laktik asid, sinadarin da ke ba nono da koko da ƙullun waina tsaminsu. Ana samun su a jikin ganyaye da hatsi, a madara, a nama da kifi, haka kuma a baki da hanji da al'aurar mata. Yawancin abincin da ake tsimawa a duniya aikinsu ne. Su ne kuma kan ɓata naman da aka rufe a leda, da ruwan 'ya'yan itatuwa, da raken da ya daɗe bayan yanka. Sau da yawa nau'i ɗaya ne ke yin gyaran da ɓarnar, aikin ma ɗaya ne, sai dai a wani wurin ana son tsamin, a wani wurin kuwa ba a so.

Siffofin da suka haɗa su

Aikinsu aka fara dubawa aka ba su suna, tun ba a san dangantakarsu ba. Da aka zo ana bin jerin gadonsu na DNA, sai aka tarar yawancinsu dangin juna ne. Suna ƙarƙashin zuriyar Lactobacillales, a babban reshen bakteriya da aka daɗe ana kira Firmicutes, yanzu kuma Bacillota.

A ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji siffa biyu gare su. Wasu mulmulallu ne, faɗinsu bai wuce kimanin maikuromita 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Sukan zauna bibbiyu, ko hurhuɗu, ko su jeru kamar carbi. Wasu kuma masu siffar sanda ne, gajeru ko dogaye. Idan aka rina su da rinin Gram, wanda likitan Danmak Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884, sukan riƙe launin shunayya saboda kaurin bangon ƙwayarsu. Ba sa yin ƙwanson kariya irin wanda Bacillus da Clostridium ke ɓuya a ciki idan yanayi ya tsananta, shi ya sa tafasawa ke kashe su cikin sauƙi. Yawancinsu ba sa iya motsi da kansu.

Ba sa buƙatar oksijin don su rayu, amma akasarinsu suna jure shi. Ba su da enzayim ɗin katales, wanda ke fasa haidirojin feroksaid, kuma wannan rashi ne ya zama gwajin farko da ake gane su da shi: a ɗiga sinadarin a kansu, in bai yi kumfa ba to ana kan hanya. Abu na gaba shi ne tsirfarsu wajen abinci. Ba sa iya haɗa wa kansu yawancin amino asid da bitamin na rukunin B, dole sai sun same su a shirye. Saboda haka wuraren da abinci ya wadata suke zama, irin su madara da ƙullu da hanji, ba a ruwan rijiya ko busasshiyar ƙasa ba. Nau'o'in da suka daɗe a madara har sun zubar da wani ɓangare na gadonsu da ba su da bukata: jerin DNA na Lactobacillus delbrueckii bulgaricus na yogot bai kai harufa miliyan 2 ba, alhali na Lactiplantibacillus plantarum, wanda ke yawo tsakanin ganye da hatsi da hanji, ya kai kusan miliyan 3.3.

Babban makaminsu shi ne juriyar tsami. Yawancin bakteriya sun fi son abin da ke kusa da 7 a ma'aunin pH, wato tsaka-tsaki. Su kuwa waɗannan suna ci gaba da hayayyafa a 5 da 4.5, wasu har ƙasa da 4, a cikin tsamin da su da kansu suka zuba. Kafin a jima abokan gasarsu sun mutu ko sun tsaya, filin ya zama nasu.

Tarihin gano su

Masanin sinadarai na Suwidin Carl Wilhelm Scheele ne ya fara ware laktik asid daga madarar da ta yi tsami, a 1780. An ɗauki shekaru da yawa ana ganin tsamin sauyi ne na sinadarai kawai, har Louis Pasteur, lokacin yana aiki a birnin Lil na Faransa, ya nuna a 1857 cewa wata halitta mai rai ce ke haddasa shi. Likitan tiyata na Birtaniya Joseph Lister ya kira bakteriyar madara Bacterium lactis, a 1878 kuma ya buga bayanin yadda ya yi ta tsinka madara mai tsami da ruwa har ya samu nau'i ɗaya tilo. Ana ɗaukar wannan a matsayin karo na farko da aka raini bakteriya zalla ba gauraye. Ita ce ake kira Lactococcus lactis a yau.

Wajajen 1890 Vilhelm Storch a Danmak da wasu masana a Jamus da Amurka suka fara zaɓar iri na musamman don zuba wa kirim ɗin man shanu, maimakon a bar tsami ya zo yadda ya ga dama. A 1905 wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya bayyana bakteriyar yogot mai siffar sanda, sannan Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Paris ya yayata ra'ayin cewa shan madara mai tsami na ƙara tsawon rai. Hujjarsa ba ta da ƙarfi, amma ra'ayin ya bazu, kuma daga gare shi harkar da ake kira furobayotik ta samo tushe.

Wanda ya shimfiɗa tsarin rabe-rabe na farko shi ne Sigurd Orla-Jensen na Danmak, a littafinsa na 1919. Ya dubi siffar ƙwaya, da yadda take sarrafa gulukos, da zafin da take iya girma a ciki, da irin sukarin da take ci. Masu siffar sanda ya kasa su uku, Thermobacterium da Streptobacterium da Betabacterium. Sunayen sun shuɗe, amma tambayoyin da ya yi su ne har yanzu mai sarrafa abinci ke yi.

Hanyoyi biyu na cin sukari

Rabon da ya fi amfani ga mai aiki da su shi ne na abin da suke fitarwa. Kashi na farko, masu tsami zalla, suna bin hanyar Embden-Meyerhof: kowace ƙwayar gulukos ɗaya sukan raba ta biyu su fitar da laktik asid biyu, su samu ATP biyu, wato kuɗin ƙarfin da ƙwayar halitta ke kashewa. Fiye da kashi 85 cikin ɗari na abin da suke fitarwa laktik asid ne, kuma babu iska. Lactococcus da Streptococcus da Pediococcus da Enterococcus suna wannan kashi.

Kashi na biyu, masu tsami gauraye, suna bin hanyar enzayim ɗin fosfoketoles. Daga gulukos ɗaya sai su fitar da laktik asid ɗaya, da iskar kabon dayoksaid, da etanol ko asetik asid, wato tsamin binega. ATP ɗaya kawai suke samu idan etanol suka yi. Leuconostoc da Weissella da Oenococcus da Limosilactobacillus fermentum da Levilactobacillus brevis duk nan suke. Akwai kuma na tsakiya, irin su plantarum da casei, waɗanda ke yin tsami zalla idan gulukos suka samu, su koma gauraye idan sukari mai kabon biyar ne a gabansu.

Wannan bambanci ba na takarda ba ne. Iskar da masu tsami gauraye ke fitarwa tana taimaka wa ƙullu ya tashi, tana kuma buɗe 'yan ramuka a cikin wasu nau'o'in cuku. Ita ce dai ke kumbura ledar tsiran-alade a firij, ta fasa robar lemo.

Laktik asid kansa iri biyu ne, L da D, kowanne hoton ɗan'uwansa ne a juye. Lactococcus na yin L, Leuconostoc da bakteriyar yogot mai siffar sanda suna yin D, wasu kuma suna haɗa biyun. Jikin mutum ya fi saurin sarrafa L, don haka ƙa'idojin madarar jarirai na Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, suka amince da masu yin L kaɗai.

Manyan jinsuna

A nan jinsi na nufin babban gida, nau'i kuma ɗan gidan, iri kuwa reshe ne a cikin nau'i.

Lactococcus mulmulallu ne masu son matsakaicin zafi, kusan digiri 30 na Salshiyos. An cire su daga Streptococcus a 1985. Lactococcus lactis ne ginshiƙin yawancin cukun Turai da kirim mai tsami. Wasu irinsa suna cin sitirik asid na madara su fitar da diyasetil, wanda shi ne ƙamshin man shanun da aka kaɗa daga nono mai tsami.

Streptococcus gida ne mai ban mamaki, domin a cikinsa akwai Streptococcus pyogenes mai ciwon maƙogwaro, da pneumoniae mai ciwon huhu da sanƙarau, da mutans mai ruɓar da haƙori. Amma Streptococcus thermophilus, wanda ke son zafin digiri 40 zuwa 45, miliyoyin mutane ke haɗiyarsa kullum a yogot ba tare da wata illa ba. Nazarin gadonsa ya nuna ya yar da yawancin kayan cutarwar danginsa.

Enterococcus, da aka ware a 1984, mazauna hanji ne masu taurin rai. Suna girma a digiri 10 da kuma 45, suna jure gishiri kashi 6.5 cikin ɗari. Ana samun su a cukun gargajiya na kudancin Turai, amma faecalis da faecium suna cikin manyan masu haddasa cututtukan da ake kamuwa da su a asibiti, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara ganin irin da maganin bankomaisin ba ya kashewa. Masana abinci na kallonsu da taka-tsantsan.

Leuconostoc masu tsami gauraye ne, sun fi son ganye da ruwan sukari da ɗan sanyi. Ba sa jure tsami sosai, don haka su ne kan fara aiki su bar wa wasu su ƙarasa. Weissella, da aka sanya wa suna a 1993, 'yan'uwansu ne na kusa. Oenococcus oeni ya fita daga Leuconostoc a 1995. Shi ne ke iya rayuwa a giyar inabi duk da tsaminta da barasarta. Pediococcus kan rabu ta fuska biyu su zauna hurhuɗu. Tetragenococcus halophilus na jure gishiri har kashi 18 cikin ɗari, shi ya sa ake samun sa a romon waken soya na Japan da romon kifi na kudu maso gabashin Asiya. Carnobacterium kuma, da aka bayyana a 1987, na nama da kifi ne masu sanyi.

Gida mafi girma shi ne Lactobacillus, sunan da Martinus Beijerinck na Holan ya raɗa a 1901. Shekara ɗari da 'yan kai duk wata bakteriyar laktik mai siffar sanda nan ake jefa ta, har nau'o'in suka kai 261, wasunsu kuwa nisan da ke tsakaninsu ya fi wanda ke tsakanin jinsuna daban-daban. A 2020 wata tawagar masana daga ƙasashe da dama ta kwatanta cikakken gadonsu ta kasa su jinsi 25, guda 23 sababbi. Daga nan plantarum ya koma Lactiplantibacillus, fermentum da reuteri suka koma Limosilactobacillus, casei da rhamnosus suka koma Lacticaseibacillus, sakei ya koma Latilactobacillus. Sunan Lactobacillus ya rage ga su delbrueckii da acidophilus da helveticus da crispatus. An yi dabarar barin da yawa daga cikin sababbin sunayen su fara da harafin L, ta yadda gajartawa irin L. plantarum ba ta sauya ba. Sunayen dai sun yi nauyi a baki, kuma tsofaffin na nan a jikin robobin yogot da littattafan makaranta, amma rabon ya dace da yadda halittun ke rayuwa: waɗanda suka saba da hanjin dabbobi sun taru wuri guda, na furanni da ƙudan zuma wuri guda, masu yawo ko'ina wuri guda.

Bifidobacterium ana yawan ambatonsa tare da su a tallar yogot, yana kuma yin laktik asid, amma ɗan wani reshe ne daban, Actinobacteria, kuma asetik asid ɗin da yake fitarwa ya fi laktik yawa.

Aikinsu a madara

Madarar saniya na da sukarin laktos kusan kashi 4.5 zuwa 5 cikin ɗari, pH ɗinta kuma kusan 6.6. Yayin da bakteriyoyin ke cin laktos, tsami na ƙaruwa, idan pH ya sauko kusan 4.6 sai furotin ɗin kesin ya daina zama a narke, ya haɗu ya daskare. Kaurin kindirmo ke nan. Macen da ta dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan nonon jiya ta rufe ƙwarya, abubuwa uku ta yi a jere: ta kashe abokan gasa, ta jira zafin da ba zai kashe nata ba, ta shuka irin da ya riga ya saba da madararta. Ƙwaryar ma tana riƙe da su a jikinta daga kwana zuwa kwana. Nonon da aka cire wa mai aka bari ya ƙara kwana sai tsaminsa ya yi ƙarfi, domin masu siffar sanda, waɗanda suka fi juriya, sun karɓe aikin.

Yogot na masana'anta nau'i biyu ke yin sa, kuma ƙa'idar Codex ma da su ta fassara shi: Streptococcus thermophilus da Lactobacillus delbrueckii bulgaricus. Na farko ya fi saurin tashi, yana fitar da fomik asid da kabon dayoksaid da na biyun ke so. Na biyun kuma yana da enzayim mai datsa kesin, yana sakar wa na farkon amino asid. Tare sukan daskarar da madara cikin 'yan awoyi a digiri 42 zuwa 45, abin da kowannensu shi kaɗai zai daɗe bai yi ba. Ƙamshin yogot yawanci daga asetaldehaid ne.

Hatsi, rogo da ganye

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta hatsi ne babban fagensu. Idan aka jiƙa gero ko dawa ko masara kwana ɗaya zuwa uku, aka niƙa, aka tace, aka bar gasara ta kwanta, bakteriyoyin da suka zo tare da hatsin da mazubin sukan saukar da pH zuwa kusan 4 ko ƙasa. Binciken da aka yi kan kokon gero da fura a arewacin Gana ya nuna Limosilactobacillus fermentum da Weissella confusa na cikin waɗanda suka fi yawa. A kunun zaƙi akan raba ƙullu biyu, a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, a zuba ɗanyen bayan ya huce. Ɗanyen nan ne ke ɗauke da bakteriyoyin da enzayim masu fasa sitaci. Kisra ta Sudan da injera ta Habasha da dokunu na Gana duk a kan tsari irin wannan suke, galibi tare da yis. Tsamin na kuma taimakawa wajen rage faitik asid na hatsi, wanda ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da zinki.

A garin kwaki, gurzajjen rogo kan kwana biyu zuwa biyar a buhu a danne. Leuconostoc da plantarum ne ke kawo tsamin. Sai dai ba su kaɗai ke raba rogo da gubarsa ba: gurzawa ce ke haɗa sinadarin linamarin da enzayim ɗin da ke cikin rogon kansa har sayanaid ya fita, matsewa da suya su kore shi. Wanda ya gajarta waɗannan matakai don ya ji tsami ya wadatar, bai kawar da haɗarin ba.

Kabejin tsami na Jamus shi ne misalin da littattafai suka fi kawowa na yadda nau'o'i ke miƙa wa juna aiki. Ana yanka kabeji a sa gishiri kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari a danne. Leuconostoc mesenteroides ne ke farawa, iskarsa ta kori oksijin, sannan brevis da Pediococcus da plantarum su biyo baya su kai tsamin ƙarshe. Kimci na Koriya da zaitun da kokwamba mai tsami haka suke. Manoma ma na amfani da wannan wajen adana ɗanyar ciyawa ko karan masara a rami ko leda don dabbobi, inda pH kan sauka kusan 4 abincin ya yi watanni.

Ba kowane tsami ko tsimi ne nasu ba. Daddawa aikin Bacillus subtilis ce, pH ɗinta ma hawa yake yi ba sauka ba. Tsamin tsamiya na tatarik asid ne da itacen ya yi da kansa. Cukun da ake daskararwa da ruwan tumfafiya kuwa enzayim ɗin tsiron ne ya kama shi.

Yadda suke kare abinci, da iyakar kariyar

Laktik da asetik asid, idan pH ya yi ƙasa, suna ratsa bangon wasu bakteriyoyi su tsamama cikinsu. Clostridium botulinum, mai gubar da ke shanye jiki, ba ya girma ƙasa da pH 4.6, kuma a kan wannan adadi aka gina dokokin abincin gwangwani. Wasu irin suna ƙarawa da haidirojin feroksaid, wasu da ƙananan furotin masu huda bangon abokan gaba, waɗanda ake kira bakteriyosin. Wanda ya fi shahara shi ne nisin na Lactococcus lactis, mai amino asid 34. An fara lura da aikinsa a 1928, aka fara sayar da shi a Ingila a 1953, yanzu kuma lambarsa E234 a jerin abubuwan da ake ƙara wa abinci.

Kariyar tana da iyaka. Tsami na hana Salmonella da danginta hayayyafa, amma ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar tarin fuka ta shanu ko Brucella mai sa zazzaɓi da ɓari a dabbobi. Nonon da aka yi da ɗanyar madara, ko aka tsinka da ruwa mara tsabta bayan ya yi tsami, na iya ɗaukar cuta. Haka nan tsimawa ba ta wanke gubar afalatoksin daga masarar da ta yi fumfuna.

Ɓata abinci

Ɓarnarsu ba irin ruɓa mai ɗoyi ba ce. Alamominta tsami ne inda ba a so, da kumburin mazubi, da yauƙi, da sauyin launi ko ƙamshi. Yawanci abincin ba ya zama guba, ƙimarsa ce ke zubewa.

Abin lura shi ne dabarun adana abinci na zamani ne suka buɗe musu hanya. Naman da ke shan iska a firij Pseudomonas ne ke ɓata shi cikin 'yan kwanaki. Idan aka zuƙe iskar aka rufe a leda, Pseudomonas ya tsaya, nama ya yi makonni, amma Latilactobacillus sakei da curvatus da Leuconostoc gelidum da Carnobacterium, waɗanda ba ruwansu da oksijin kuma suna girma kusa da daskarewar ruwa, sai su yi ta ƙaruwa a hankali har su wuce miliyan 10 a giram ɗaya. Daga nan sai tsami, da farin ruwa a leda, da yauƙi. Weissella viridescens na sa dafaffen nama mai gishirin naitarait ya koma kore, saboda haidirojin feroksaid ɗinta na lalata jan launinsa. Gishiri da naitarait da hayaƙi, waɗanda ke hana sauran bakteriya, su ba su cika damun su ba.

A masana'antar sukari babban abokin gaba Leuconostoc mesenteroides ne. Da an yanke rake, ko an ƙone gona kafin yanka, sai ya shiga ta raunin ya fara mayar da sukros zuwa dekstiran, wani abu mai danƙo da ke kaurara ruwan rake, ya toshe matata, ya hana sukari ƙanƙarewa yadda ya kamata. Shi ya sa ake gaggawar kai rake injin cikin kwana guda. Masu mazarƙwaila ma sun san ruwan rake ba ya jira. Wannan dekstiran ɗin dai masana a Suwidin suka tace a shekarun 1940 suka mayar da shi ruwan da ake ƙara wa wanda ya zubar da jini.

A giyar sha'ir, tsiron hof na hana bakteriya da yawa girma, amma Levilactobacillus brevis da Pediococcus damnosus suna da gadon da ke fitar da gubarsa daga ƙwayarsu, su ne kuma ke jawo mafi yawan asarar masana'antar. A giyar inabi ana gayyatar Oenococcus oeni ya mayar da malik asid mai kaifi zuwa laktik mai laushi, amma idan sukari ya rage a kwalba wasu danginsa sukan kawo ɗaci da yauƙi. Masu giyar shinkafa a Japan na da tasu matsalar da suke kira hiyoci, daga Fructilactobacillus fructivorans mai jure barasa; shi ne kuma ke kumbura kwalaben mayonis da ketcaf, abincin da tsaminsa ya kori kusan kowa.

Diyasetil da ake nema a man shanu, a ruwan lemun zaƙi da giya aibi ne. Yauƙin da ke sa a zubar da nama, a Finlan da Suwidin shi ake so a madararsu mai tsami, har iri na musamman suke ajiyewa dominsa. Kunun zaƙi da fura da nono ma a zafin bazara ba sa tsayawa inda mai su ke so: bakteriyoyin da suka daɗaɗa su da safe ba su daina aiki ba, zuwa washegari tsami ya wuce kima, yis ya shigo, roba ta kumbura. Abin da ke tsayar da su sanyi ne, ko dafawa bayan tsami ya kai, ko busarwa.

Akwai ɓarna guda da ke taɓa lafiya. Wasu irin suna mayar da amino asid zuwa histamin da tairamin a tsohon cuku da kifi da giyar inabi, abin da kan jawo ciwon kai da ƙaiƙayi da bugun zuciya. Dafawa ba ta lalata waɗannan sinadarai.

A jikin mutum

Albert Döderlein ya bayyana bakteriyoyin al'aurar mata masu siffar sanda a 1892. Lactobacillus crispatus da danginsa na riƙe pH na wurin ƙasa da 4.5, abin da ke hana wasu cututtuka zama. A baki kuwa tsamin nan ne ke narkar da fatar haƙori bayan shan zaƙi. Game da furobayotik, ma'anar da hukumomin FAO da WHO suka bayar a 2001 ta ce halittu ne masu rai da ke amfanar lafiya idan aka sha su da isasshen yawa. Amfanin na iri ne takamaimai, ba na jinsi gaba ɗaya ba, kuma talla ta yi wa hujja nisa. Abin da ya tabbata sosai shi ne yogot mai rayayyun bakteriya na sauƙaƙa narkewar laktos ga wanda madara ke ɓata wa ciki.

Rainonsu da abokan gabansu

A ɗakin gwaji ana rainon su a abincin MRS, wanda de Man da Rogosa da Sharpe suka haɗa a 1960, mulmulallun madara kuma a M17. Bayan rinin Gram da gwajin katales, akan duba ko suna fitar da iska, da zafin da suke jurewa, da sukarin da suke ci. Tantance nau'i yanzu da jerin 16S rRNA ko cikakken gado ake yi, domin plantarum da 'yan'uwansa na kusa ba sa rabuwa da gwajin sukari.

Masu sarrafa madara na fama da abubuwa biyu da ke kashe musu iri. Na farko ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta ne: saniyar da aka yi wa allurar fenisilin ko oksitetirasaikilin aka tatse ta kafin wa'adin maganin ya wuce, madararta na iya ƙin daskarewa ko ta hana tukunya guda kamawa. Na biyu bairos ne masu cin bakteriya, da ake kira faj, waɗanda Whitehead da Cox suka gano a masana'antar cuku ta Niyu Zilan a 1935. Ana kauce musu da tsabta da sauya iri lokaci-lokaci. A neman irin da ke jure faj ne Rodolphe Barrangou da Philippe Horvath da abokan aikinsu a kamfanin Danisco suka nuna a 2007 cewa Streptococcus thermophilus na yanko guntun DNA na bairos ɗin da ya kawo masa hari ya adana a wani sashe na gadonsa mai suna CRISPR, ya gane shi idan ya dawo. A kan wannan tsari aka gina dabarar gyaran gado da ta ba Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2020, ko da yake enzayim ɗin Cas9 da suka yi aiki da shi na Streptococcus pyogenes ne.